Sau biyu malamina yana dawo mini da babin farko, ga lokaci ya ƙure

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta adabin Ingilishi, kuma sai na rubuta kundin bincike kafin a ba ni digiri. Batun da na zaɓa shi ne matsayin mata a ƙagaggun labaran zamanin Sarauniya Biktoriya, domin tun da muka karanta Jane Eyre littafin ya shiga raina. Sau biyu ina kai wa malamin da ke duba aikina babin farko, sau biyu yana dawo mini da shi. A na ƙarshe abin da ya rubuta a gefe shi ne: "Kin ba ni labarin littattafan, ba ki gaya mini abin da ke kike cewa ba." Wallahi ban gane nufinsa ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Wata guda ke nan ban taka ofishinsa ba, in na hango shi ma canza hanya nake yi. Saura mako goma a miƙa aiki. Wata ƙawata ta ce ta san mai rubuta wa mutane kundi a biya shi, wata kuma ta ce in sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ni kuma in gyaggyara. Raina bai kwanta da ko ɗaya ba, amma ina tsoron maimaita shekara, ga iyayena sun zuba ido. Don Allah ya zan yi?

Ɗaliba mai neman mafita

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Mako goma ya isa a rubuta kundin digiri na farko mai kyau, amma da sharaɗi guda: ki rage batun nan tun a cikin makon nan. In kika bar shi yadda yake, ko shekara aka ƙara miki haka malamin zai yi ta dawo miki da shi, kuma da gaskiyarsa.

Duba girman abin da kika ɗauko. Biktoriya ta hau gadon sarautar Birtaniya a 1837, ta rasu a 1901. A tsakanin nan an buga dubban ƙagaggun labarai. Akwai 'yan matan unguwannin masana'antu na Mancesta da Elizabeth Gaskell ta rubuta a kansu, akwai matan gidajen masu hali na George Eliot, akwai 'yar ƙauyen da Thomas Hardy ya kai ga igiyar rataya a 1891. Dukansu mata ne, dukansu na zamanin ne, amma abin da ya raba su ya fi abin da ya haɗa su yawa. Su kuwa jami'o'i da dama kalmomi 8,000 zuwa 12,000 suke ba ɗalibi a irin wannan aiki. Ki duba ƙa'idar sashenku ki ga naku adadin, sannan ki raba shi ga littattafai biyar ko shida. Kowane littafi zai tashi da 'yan shafukan da da ƙyar za su isa ki faɗi wace ce wace, wa ya auri wa, wa ya mutu. Kafin ki faɗi naki, takarda ta ƙare. Saboda haka kada ki ɗora wa ƙwaƙwalwarki laifi. Faɗin batun ne bai bar miki wurin yin komai ba sai ba da labari.

Abin da malamin ke nema a wurinki shi ne matsaya, wato magana guda wadda ke kika yarda da ita game da littafin, kuma kike shirye ki kare ta da hujja daga cikin littafin. Hanyar gane ko kina da ita mai sauƙi ce. Ki faɗi abin da kundinki ke cewa a jimla ɗaya, sannan ki tambayi kanki: mutum mai hankali da ya karanta littafin nan zai iya cewa "ban yarda ba"? In kika ce "an danne mata a zamanin Biktoriya", babu wanda zai yi miki musu, shi ya sa babu abin da za ki kare, babu kuma dalilin da zai sa a karanta shafi talatin don a ji shi. Malaminki ya karanta Jane Eyre tun kafin ki shiga jami'a, wataƙila shekara da shekaru yana koyar da shi. Labarin ya sani. Abin da bai sani ba shi ne abin da idonki ya gani a ciki.

Tunda wannan littafin ne ya shiga ranki, bari mu zauna a kansa in nuna miki yadda ake yi, domin bayani a fili ba zai amfane ki kamar ganin aikin ba.

Ki ajiye maganar "mata" gaba ɗaya na ɗan lokaci, ki bi kuɗi. Charlotte Brontë ta fitar da littafin a 1847 da sunan aro na Currer Bell, kuma tana da wata ɗabi'a da masu saurin karatu ke tsallakewa: tana faɗin adadin kuɗi dalla-dalla. Albashin Jane a matsayin malama a makarantar Lowood fam 15 ne a shekara. Da ta samu aikin koyar da yarinya a gidan Thornfield ya zama fam 30. A babi na 21, da za ta je duba matar kawunta da ke kwance, sule biyar ne kaf abin da ta mallaka. Rochester, maigidan Thornfield, ya miƙo mata fam 50, ta ce 15 take binsa, suka yi ta ciniki har ya ba ta 10. A babi na 24, bayan sun yi alkawarin aure, ya kai ta kanti yana jido mata siliki da kayan ado, ita kuwa maimakon murna sai ta ji kamar ana sayen ta. Wannan ƙuncin ne ya tuna mata da baffanta da ke tsibirin Madera, ta yanke shawarar rubuta masa wasiƙa ko za ta samu abin kanta. Wasiƙar nan ce ta sa labarin auren ya kai kunnen Richard Mason, ɗan'uwan matar da Rochester ya riga ya aura, wanda ya zo da lauya suka tsayar da ɗaurin auren a babi na 26, asirin matar da aka kulle a saman bene ya tonu. Kin ga ke nan burin Jane na mallakar kuɗinta shi ne zaren da ya warware ƙaryar Rochester. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a cikin littafin yake, ba sai kin aro daga bakin kowa ba.

Ci gaba da bi. A babi na 27 Rochester da bakinsa ya faɗi yadda aka yi ya auri Bertha Mason, matar nan da ke kulle: mahaifinsa ya bar wa babban ɗansa gidan da gonakin, shi kuma ƙaramin aka nema masa 'yar wani attajiri a Jamaika wadda za ta zo da fam 30,000. Ki lissafa: albashin Jane na shekara dubu ke nan. A babi na 33 ita ma Jane ta gaji fam 20,000 daga baffan nan na Madera, ta raba shi gida huɗu da 'yan'uwanta uku, ta riƙe 5,000. Da wannan kuɗin a hannu ta koma wurin Rochester a babi na 37 tana gaya masa yanzu ita mai cin gashin kanta ce.

To, daga ina waɗannan manyan kuɗi biyu suka fito? Dukansu daga hayin teku. Arzikin Jamaika a wancan zamani rake ne da gumin bayi. Majalisar Birtaniya ta zartar da dokar soke bauta a 1833, amma bayin ba su samu cikakken 'yanci ba sai 1838, shekara tara kacal kafin fitowar littafin. Littafin ya faɗi adadin kuɗin, bai tsaya ya faɗi gumin wa ya tara su ba. Ga kuma wata ƙura. Kafin dokokin dukiyar matan aure na 1870 da 1882, abin da mace ta mallaka a Ingila yakan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, sai fa in an yi wata yarjejeniya ta musamman tun farko. Haka kuɗin Bertha suka zama na Rochester, ita kuma ta ƙare a kulle a ɗaki. Su kuma fam 5,000 na Jane, ina makomarsu ranar da ta aure shi?

Yanzu gwada jimlar. "A Jane Eyre, 'yancin da Jane ta samu 'yanci ne na kuɗi, kuma littafin ya ɗora shi a kan dukiyar da ta fito daga ƙetare ba tare da ya tuhumi asalinta ba." Wannan ana iya musu a kai. Wani zai ce a'a, ai Jane ta bar Thornfield kusan ba ta da komai, ta kwana a daji, ta yi bara a babi na 28, don haka 'yancinta na zuciya ne tun kafin gado ya zo. Madalla. Wannan mai musun shi kike buƙata. Kundinki amsa ce gare shi, kuma dole ki ba shi wuri a ciki, ki faɗi hujjarsa da ƙarfinta kafin ki mayar masa. Ɗaliban da ke ɓoye hujjar da ta saɓa musu suna zaton malami ba zai lura ba, alhali ita ce abu na farko da zai tambaya.

Ba na cewa lallai wannan batun za ki ɗauka, kuma ba ni na fara ganinsa ba, masana sun daɗe suna tattauna shi. Kina iya bin wani zaren: ɗakunan da ake kulle mata a ciki, tun daga jan ɗakin da aka jefa Jane a babi na 2 har zuwa ɗakin Bertha. Ko ki tambayi wa ke ba mu labarin Bertha. A duk babi 38 na littafin ba mu ji ta yi magana da bakinta kai tsaye ba. Dariyarta muke ji, sai abin da ɗan'uwanta ya ce ta ce, sai kuma dogon bayanin mijin da ya kulle ta, a daidai lokacin da yake lallashin wata mace ta zauna da shi. Mai ba mu labarin duka kuwa Jane ce, tana rubutu bayan shekara goma da auren mutumin. Shaidar wa muke karɓa, kuma me ya sa muka karɓa ba tare da tuhuma ba? Kowanne daga cikin waɗannan ya isa kundi guda. Ɗaya za ki ɗauka. Sauran ki bar su, ko da ranki na so, domin kwaɗayin haɗa su duka shi ne zai mayar da ke inda kika fito.

Kada kuma kalmar "sabon abu" ta firgita ki. Ba a tsammanin ɗalibar digiri na farko ta gano abin da duniya ba ta taɓa ji ba a littafin da aka yi fiye da shekara 170 ana nazarinsa. Abin da ake so shi ne a ga ke kika karanta, ke kika zaɓo hujjojin, ke kika jera su, kuma kin san me wasu suka ce da inda kika tsaya a tsakaninsu.

Wannan ya kawo mu ga bitar ayyukan da suka gabata, babin da ɗalibai suka fi lalatawa. Yawanci sai ka ga an jero su: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, sakin layi bayan sakin layi, babu wanda ya kalli ɗan'uwansa. A kan Bertha kuwa akwai sa-in-sa ta gaske da za ki iya shiga. A 1979 Sandra Gilbert da Susan Gubar suka fitar da The Madwoman in the Attic, inda suka karanta Bertha a matsayin fushin Jane da ta danne, wato ɗaya fuskar tata da al'umma ba ta yarda ta fito ba. A 1985 Gayatri Spivak ta yi maƙala a mujallar Critical Inquiry tana nuna cewa ɗaukakar Baturiyar a littafin ta tsaya ne a kan shafe matar da ta fito daga ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka. Tun kafin su duka, a 1966, Jean Rhys, wadda aka haifa a tsibirin Dominika, ta ba da tata amsar da ƙagaggen labari, Wide Sargasso Sea, ta ba Bertha suna Antoinette da tarihi da murya. Ki karanta biyun farko da kanki, ko da babin da ya shafi littafinki ne kawai. Sannan ki rubuta inda suka saɓa, da wanda hujjojin da kika tattara suka fi goyon baya, da abin da kike ganin dukansu sun wuce ba su kula ba. Maƙalu shida ko takwas da kika karanta da gaske sun fi arba'in da kika ɗauko sunayensu daga manazartar wani. Malamai na gane wannan da wuri, tambaya ɗaya ke tona shi.

Littafin Rhys zai ja hankalinki ki mayar da kundin kwatanci tsakanin littattafai biyu. Yana yiwuwa, kuma yakan yi kyau, amma ki tuna ba na zamanin Biktoriya ba ne, sai kin sauya take, sai kuma sashe ya amince. Da mako goma a hannu, ni dai littafi ɗaya zan ba ki shawara, ki ambaci na Rhys a inda ya taimaka.

Maganar ra'i kuma, in sashenku ya wajabta babin mazhabar nazari, ki yi shi gajere. Ina ganin kundaye da ke cinye shafi goma suna ba da tarihin ra'in mata ko na bayan mulkin mallaka, sannan a shiga babin nazari ra'in ya ɓace ɓat, ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Ki ɗauki ma'ana ɗaya ko biyu da za ki yi aiki da su, ki bayyana su da kalmominki, ki nuna su suna aiki a kan wani shafi na littafin. In ba za ki iya nuna hakan ba, ba ki buƙatarsu.

Ga yadda sakin layin nazari yake tafiya, domin nan ne ba da labari ke sake kutsowa. Ki fara da abin da kike iƙirari. Ki kawo 'yar gajeruwar magana daga littafin, layi ɗaya ko biyu. Sannan ki tsaya a kanta: me ya sa wannan kalmar aka zaɓa, wa ke magana, wa ake gaya wa, me aka faɗa kafin nan, me aka ƙi faɗa. Bayaninki ya fi abin da kika ciro tsawo. Duk inda kika ga kin rubuta "daga nan sai" sau biyu a jere, to kin koma ba da labari, ki goge. Rubutun littafin yana nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, kina iya neman kalma ɗaya a kwamfuta ki ga duk wuraren da ta fito cikin minti kaɗan, abin da zai yi miki amfani ƙwarai in kuɗi kike bi. Amma lambar shafi ki ɗauko ta daga bugu guda tsayayye, irin na Norton ko Oxford ko Penguin, ki tsaya a kansa har ƙarshe. Bugun Norton ma yana da maƙalun masana a bayansa.

Yanzu malamin. Gudun nan da kike yi ya fi batun cutar da ke. Mutumin da ya zauna ya karanta babinki sau biyu har ya rubuta miki ainihin ciwon a gefe ba maƙiyinki ba ne. Wanda ya kamata ki ji tsoro shi ne mai sa hannu bai karanta ba, ya bar ki ki haɗu da masu jarrabawa. Ki aika masa saƙo yau ki nemi lokaci. Ba sai kin yi dogon ban-haƙuri ba, layi ɗaya ya isa. Kada kuma ki je hannu rabbana. Ki tafi da shafi guda: sabon take, jimlar matsayarki, wurare biyar ko shida a littafin da za ki dogara da su da lambar babinsu, da sunayen masana biyu ko uku da za ki yi magana da su. Ki ce masa, "Malam, na fahimci batun ya yi faɗi, ga yadda na rage shi, ko ya yi?" Ki tambaye shi kai tsaye ko sauya take na buƙatar cike wata takarda a sashe, da ranakun da yake so ki riƙa kawo babi. In ya faɗi abin da ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba a nan take, ki roƙe shi misali. Kafin ki fita ki maimaita masa abin da kuka tsayar, in kin koma ki tura masa shi a rubuce. In kuma kika yi ta nema bai amsa ba har mako ya wuce, kusan kowane sashe na da malamin da ke kula da kundayen ɗalibai gaba ɗaya, ki je wurinsa cikin ladabi ba tare da kai ƙara ba.

Shawarar ƙawayenki kuwa, zuciyarki ta riga ta ba ki amsa, ni ƙarin dalili kawai zan ba ki. Mai rubuta kundi a biya shi ba ke kaɗai yake yi wa ba. Abin da ya sayar wa wani bara shi zai sauya wa take ya miƙo miki, manhajoji irin su Turnitin kuma aikinsu ke nan, kwatanta sabon aiki da waɗanda aka taɓa miƙawa. Ko ya tsallake manhaja, malamin da ya karanta rubutunki sau biyu ya san muryarki. Sannan kin ba wani baƙo sirrin da zai iya riƙe ki da shi har bayan kin fara aiki. A Ingila wata doka ta 2022 ta mayar da wannan sana'a laifi. Kuma satar fasaha ba ta tsufa. A 2011 ministan tsaron Jamus Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga muƙaminsa bayan jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na dakta. A 2013 ministar ilimin ƙasar, Annette Schavan, ita ma ta sauka bayan an ƙwace nata, a kan kundin da ta rubuta tun 1980. Maimaita shekara da kike tsoro abu ne da ake warkewa. Kora daga jami'a a shekarar ƙarshe fa, me za ki gaya wa iyayen da suka zuba ido?

Ƙirƙirarriyar basira tata matsalar daban ce. Tana rubutu mai santsi, amma takan ƙirƙiro maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, ta liƙa mata sunan masani na gaske da shekara da lambar shafi, takan kuma sa wa tauraron littafi maganar da bai faɗa ba. A 2023 wata kotu a Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun miƙa mata shari'o'in bogi da ChatGPT ya ƙaga musu. A nazarin adabi, inda komai ya rataya a kan ainihin kalmomin marubuci, magana ɗaya ta bogi ta isa ta rusa amincin kundi duka. Abin dariyar ma, irin rubutun da take fi iyawa shi ne wanda malaminki ya riga ya ƙi: bayani mai faɗi wanda babu mai musu a kansa. Dokokin jami'o'i sun bambanta a kan amfani da ita, wasu sun yarda da wani abu in an bayyana, wasu sun hana gaba ɗaya. Ki karanta ta jami'arku, ki tambayi malaminki, kada ki dogara da "ai kowa na yi".

Game da rabon lokaci, ga yadda zan yi da ni ce. Makon farko na ganin malami ne da tsayar da take. Mako biyu masu biyowa ki sake karanta littafin daga farko da alƙalami a hannu, kina neman abu guda ɗin nan kawai, kina karanta masanan a gefe. Ɗakin karatun jami'arku da shafukan neman maƙalu na JSTOR da Google Scholar sun ishe ki. Daga mako na huɗu ki fara rubutu, kuma ki fara da babin nazarin da kika fi jin ƙarfinsa. Gabatarwa ki bar ta sai ƙarshe, domin ba a gabatar da abin da bai wanzu ba, kuma ina zargin wannan na cikin abin da ya sa babinki na farko ya ƙi zama. Kalmomi 400 a rana, kwana biyar a mako, cikin mako biyar kin haɗa 10,000. Rubutun farko zai yi muni, ki bar shi ya yi, gyara ake yi wa abin da ke kan takarda. Kowane babi kika gama ki miƙa, kada ki tara su, domin malamin na da wasu ɗaliban kuma duk a makon ƙarshe za su yi masa rubdugu. Mako biyun ƙarshe na gyara ne da karanta aikin da babbar murya, kunne na kama abin da ido ya wuce.

Manazarta kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da kika karanta, a ranar ki rubuta sunan marubuci, take, shekara, mawallafa da shafi, duk abin da kika kwafo kalma da kalma kuma ki sa masa alamar zance tun a littafin ajiyarki. Satar fasaha da yawa ba da niyya ake yin ta ba, mutum ne ke manta wace jimla ce tasa wace ce ta wani. Sassan adabin Ingilishi da dama tsarin rubuta manazarta na MLA suke bi, wanda bugunsa na 9 ya fito a 2021, wasu a Birtaniya MHRA suke bi. Ki tambayi naku. Manhajar Zotero kyauta ce kuma tana jera manazarta da kanta, sai dai ki duba abin da ta fitar. Aikin kuma ki riƙa tura wa kanki ta imel duk dare, kwamfuta ba ta sanarwa kafin ta mutu.

In sashenku na yin zaman kare kundi, tambayoyin ba sa wuce waɗannan: me kike cewa, me ya sa wannan littafin, ina hujjarki, wa ya saɓa miki kuma me kika ce masa. Wadda ta bi fam 30 da fam 30,000 babi-babi da hannunta za ta amsa ko an tashe ta daga barci.

Iyayenki kuma ki gaya musu gaskiya daidai gwargwado: aikin ya samu tsaiko, kin gano inda matsalar take, kina buƙatar a rage miki hidima na wata biyu da rabi. In kika ga damuwar ta hana ki barci ko cin abinci har kwanaki, ki nemi ofishin ba ɗalibai shawara na jami'arku. Yawancin jami'o'i kuma na da hanyar neman ƙarin lokaci ga wanda ke da uzuri na gaske, amma kafin ranar miƙawa ake nema, tare da shaida.

Allah Ya ba da sa'a. In malamin ya amince da sabon taken, ki rubuto mini in ji wanne kika zaɓa.